Gayyar Tudun Nura

Bana ruwa ya sauka a Makka sau uku kafin sanyi ya ƙare. Na ukun ne ya cika kwararon gidanmu a Misfala, har sai da muka ɗora tabarmi da littattafai bisa akwati. Bayan kwana goma wani abokin aikina ya ce in raka shi Wadi Fatima, muka hau bayan babbar mota. Da muka wuce alamun iyakar Harami, hanya ta karkata ta gindin wani farin tudu, sai na ga tumaki sun rufe shi tun daga ƙasa har ƙoli, ga motoci biyu tsaye ɗauke da gangunan ruwa. Ciyawar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ana cinye ta. Na tambayi direban ko ba a tsare wurin yanzu. Ya ce ai an daɗe da sakin sa, kowa da dabbarsa. A tudun nan akwai duwatsun da na ɗauka a kaina ina ɗan shekara goma sha huɗu.

A shekarun yaƙin Turawa jiragen ruwa suka daina kawo alhazai Jidda, sai ɗai-ɗai. Wanda bai zauna Makka ba, da wuya ya gane abin da wannan yake nufi. Garin ba ya noma. Alhaji shi ne damunarmu. Idan bai zo ba, mai gidan haya da mai raƙumi da ɗan dako da mai wanki duk sun tashi a tutar babu. Mahaifina, Malam Haruna, mutumin ƙasar Kano ne da ya zo da ƙafa ta Sudan tun kafin a haife ni. Sana'arsa ƙona nura, wato farin dutsen da ake fasawa a gasa a rami, a sami farar ƙasar gini da ta shafe. Da gini ya tsaya, ramin ya huce.

Abin da ya rage mana awaki uku ne. Ƙanwata Rabi tana da wata bakwai sa'ad da nonon Inna ya ɗauke saboda rashin ƙoshi, don haka rayuwarta ta koma kan nonon akuya. Mu ma da shi muke ɗan farfaɗo da kunun gero, wanda kullum ruwansa ke ƙaruwa, garinsa na raguwa. Kowace safiya nakan zaga lungunan kasuwa in tsinto ƙwallon dabino, Inna ta jiƙa shi kwana biyu, ta daka, ta ba awakin. A cikin Harami ba a yankan ɗanyar ciyawa, ta kasuwa kuwa ta fi ƙarfinmu. Kowa ya san lissafin: idan zafi ya dawo ba mu da busasshiyar ciyawa a ajiye, awakin ba za su ga wani sanyin ba.

Bayan ƙaramar Salla da kwana kaɗan Baffa Salihu ya zo gidanmu. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, amma tare suka taso daga gida, tare suka yi noman ƙodago a Sudan, kuma Baba ne ya goya shi yini biyu lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi a hanya. Ya taɓa yin shekara biyar yana kiwo a wurin Larabawan ƙauye, ya iya harshensu kamar a cikinsa aka haife shi. Ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya ce:

"Haruna, ka tuna farin tudun da kake ɗebo dutse a gefensa? Himar mutanen ƙauyen nan?"

Hima ita ce makiyayar da ƙauye ke keɓewa ya hana kiwo a cikinta, har ciyawa ta nuna ta zubar da iri, sannan a yanke ta da hannu a ajiye wa lokacin zafi.

"Na tuna," in ji Baba. "Huruminsu."

"To, samarinsu sun watse, wasu soja, wasu Jidda. Ruwan bara ya rushe shingayen. Suna neman hannu kafin ruwa ya sauko. Ciyawar wurin nan, wallahi, idan ta yi kyau sai ta riƙe awakin Misfala gaba ɗaya."

Inna tana bayan ƙofa tana jijjiga Rabi. Na ji ta daina.

Washegari muka tafi mu uku, tafiyar rabin yini. Baba yana jin Larabcin kasuwa, amma ya ce maganar amana ba a yin ta da harshen ciniki, ɗansa yana makaranta, shi zai yi tafinta. Baffa ya yi dariya, ya ce ai gara haka, yaro ya nuna karatunsa.

Dattijon ƙauyen, Shaihu Atiyya, siriri ne mai jan gemu. Ya shimfiɗa mana a inuwar magarya, aka kawo gahawa. Ya bayyana aikin, na mayar da Hausa. Daga nan Baba ya ce in tambaye shi, idan mun yi, mene ne matsayinmu a wurin. Dattijon ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce mu jiranunsu ne, kuma duk haƙƙin da jar yake da shi, muna da shi.

Kalmar jar ta Larabci ba baƙuwa ba ce gare ni. Na juya na ce, "Baba, ya ce ku maƙwabtansu ne, kuma kuna da haƙƙin maƙwabci cikakke."

Sai dai yadda ya furta ta ya ɗan tsaya mini a rai. Ya faɗe ta kamar mai ambaton mudu, abin da ke da iyaka sananniya. Na dubi Baffa, na ce, "Baffa, haka ne?"

"Daidai ka faɗa, ɗan makaranta," in ji shi. "Ko ni iyakar abin da zan ce ke nan."

Baba bai ƙara tambaya ba. A garinsu, wanda ya fito aikin hurumi tare da maƙwabtansa ba ya tambayar ko yana da rabo. Tambayar ma cin fuska ce. A hanyar komowa ya ce wannan ba aikin ƙodago ba ne, gayya ce, kuma gayya zai kira.

Ya bi gida-gida a Misfala, ya sami magidanta goma sha takwas, kowa da akuya ɗaya ko biyu tana ramewa a tsakar gidansa. Ya gaya musu babu lada sai abincin rana da ƙauyen zai bayar, amma ranar yanka kowa da laujensa. A cikinsu akwai Tanko, Bazazzage mai ga-ruwa, wanda ba ya barin Bakano ya huta.

"Me Balaraben ya kira mu?" in ji shi.

Na ce, "Jar."

"Jar me? Jar akuya? Malam Haruna, ka dube ni da kyau. Idan mutumin nan ya dube ni ya ga ja, to kada ka yarda da idonsa a kan iyakar gona."

Aka yi dariya. Baba ya ce, "Bazazzage, ɗauki gammonka mu tafi."

Muka fara cikin ragowar zafi. Farin dutse yana mayar wa mutum rana a fuska, har ido ya riƙa ƙwalla. Mukan fito ranar Asabar, mu koma gida ranar Alhamis saboda Juma'a. Aikin farko shi ne alamun iyaka: tarin duwatsu tsayin ƙugu, daga wannan a hango wancan, Baba ya shafe su da nura don kada makiyayi ya ce bai gani ba. Na biyu ya fi wuya. Ƙasar tudun ba ta da kauri, ƙarƙashinta dutse ne mai ramuka da ke shanye ruwa nan take, abin da bai shanye ba kuwa ya gangara kwari da gudu, ya tafi da ƙasar. Don haka a kowane kwari sai an gitta gajerun shingaye na dutse, ɗaya bisa ɗaya kamar matakala, su tare ruwa ya tsaya ya jiƙa. Muka jera layi muna miƙa wa juna dutse, wani yana ba da waƙa ana amsawa. Da azahar matan ƙauyen su kawo dabino da tuwon gero marar miya. Tafin hannuna ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Baffa Salihu yakan leƙo sau ɗaya a mako a kan jaki, ya yaba, ya shiga wurin Shaihu su daɗe.

Ruwa ya zo wata Laraba da la'asar. Gajimare ya taso daga wajen teku, iska ta juya, sai ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya bugi hanci. Muka tsaya a fili yana dukanmu, muna kallon kwarin gabas, wanda ya fi cin ƙarfinmu. Ruwan ya gangaro ja, ya daki shingen farko, ya cika, ya malala a hankali zuwa na biyu. Ko ɗaya bai faɗi ba. Tanko ya cire hularsa ya tara ruwa, ya sha, ya ce wannan ne ruwan farko da ya sha a Makka ba shi ya ɗauko shi a kafaɗa ba.

Cikin mako biyu tudun ya canja. Ciyawar farin dutse gajera ce, mai laushi, a tsakaninta nobe yana ƙamshi, ga filasko, ga wasu ƙananan furanni rawaya da shuɗi da babu wanda ya san sunansu da Hausa. Aikinmu ya koma tsaro. Shaihu ya koya mana dokokin wurin: kofato ba ya shiga sai iri ya zuba; ba a saran ɗanyen itace; ba a farauta; ba a kusantar amyoyin zuman da aka jera a gindin dutse; ranar yanka a bar taƙi ɗaya sama da saiwa; kuma kowace shekara akwai ɓangaren da ba a taɓawa sam, a bar wa tsuntsaye da iri. Baba ya sa na maimaita su ga mutane har sau uku.

Da hantsi rema kan fito daga kogunansu su jeru a kan dutse suna shan rana. Makwarwa ta yi ƙwai a gindin shingen da muka gina. Na ga tuje sau biyu yana takawa cikin ciyawa kamar mai duba gonarsa. Akwai wani ƙwarya-ƙwaryar dutse da ke riƙe ruwa bayan ko'ina ya bushe, nan bareyi biyar ke zuwa sha.

Hajjin shekarar ya zo ya wuce kamar ba a yi ba. Layya ba mu gan ta ba, balle naman alhazai da aka saba shanyawa. Wata uku babu wanda ya ɗanɗana nama a cikinmu. Wata safiya Tanko ya tarar da barewa ta saƙale ƙafa a tsagin dutse kusa da wurin shan ruwa. Ya kira mu. Muka kewaye ta, tana rawar jiki, ana ganin bugun zuciyarta a haƙarƙari. Wani ya riga ya zaro wuƙa.

"Malam," in ji Tanko, muryarsa babu wasa, "nan ba Harami ba ne. Kuma Allah ne ya kama ta, ba mu ba."

"Ba Harami ba ne," in ji Baba, "amma huruminmu ne. Idan mu masu shi muka fara, wa za mu hana?"

Ya durƙusa, ya zare ƙafar a hankali, ta yi tsalle ta tafi tana ɗingishi. Mutane suka koma aiki ransu a ɓace. Amma babu wanda ya saɓa, domin ya ce namu ne, kuma sun yarda.

A gida kuwa Inna tana ta ja da abin da babu. Ta ƙara da ɓawon kankana da tsofaffin takardun makarantata a abincin awaki. Nonon da ake tatsa ya koma ɗan ƙoƙo guda, na Rabi kaɗai. Duk Alhamis ta tambaye ni tsawon ciyawar, in nuna mata da hannu, ta ce, "Allah ya kai mu."

Sanyi ya janye, ciyawa ta yi fari-fari, iri ya fara zuba idan iska ta kaɗa. Muka koma gida mako guda muna jiran sanarwa. Baffa Salihu ne ya aiko cewa ranar Litinin za a buɗe. Muka fito da asuba, maza da mata, da laujuna na aro da igiyoyi da jakuna huɗu. Inna ta goyo Rabi. Mata suna ta raha a hanya, abin da na daɗe ban ji ba.

A alamar farko, wadda Baba ya shafe da hannunsa, ɗan Shaihu ya tare mu. Ya yi mana maraba da ladabi, ya dubi laujunan, fuskarsa ta nuna bai gane ba. Ya aika aka kira mahaifinsa. Can cikin tudu matan ƙauyen sun riga sun duƙa suna yanka.

Shaihu ya saurari Baba ta bakina, sannan ya yi magana a hankali. Ya ce jar yana shan rijiyarsu, yana zama a inuwarsu, wanda ya taɓa shi ya taɓa su, kuma ba a hana shi wuta ko gishiri. Amma ciyawar hima ta gidajen kakanni ce, gida-gida ake raba ta. Ko surukinsa na ƙauyen gaba ba shi da dami ɗaya a ciki. Wannan kowa ya sani, kuma Salihu ya fi kowa sani, tunda shekara biyar yana jar a cikinsu. Ya ce tun kafin zuwanmu na farko sun gama magana da Salihu: shi zai kawo ma'aikatansa, su kuma su ba shi ciyawar kwarin gabas gaba ɗaya, abin da ba su taɓa yi wa baƙo ba. Yadda zai sallami mutanensa ruwansa ne. Kwana uku da suka wuce ya zo da raƙuma da masu yanka, ya kwashe.

Duk idanu suna kaina. Na faɗa da Hausa, kalma bayan kalma, ban rage kome ba.

Baba ya ce, "Sake faɗa."

Na sake.

"Ɗan makaranta," in ji Tanko, "wannan karon ka tabbata?"

Muka taka zuwa bakin kwarin gabas. An yanke shi tas, kuma ba a bar taƙin da doka ta ce ba, an share har saiwa don a cika kaya. Shingayenmu suna tsaye tsirara. Shaihu da ya ga haka ya kama gemunsa yana salati.

Wasu suka ce a rushe shingayen a tafi. Baba ya ce duk wanda ya taɓa dutse ɗaya ya fara da shi. Shaihu ya yi magana da mutanensa, ya dawo ya ce shi bai yi ƙarya ba, amma ba zai bar jiranunsa su koma hannu wofi ba. Kowane gida ya ɗauki dami ɗaya, sadaka daga gare shi. Da na fassara kalmar ƙarshe, Baba ya juya baya.

"Wata biyar ina aiki a ba ni sadaka? Ku gaya masa mun gode."

Inna ta wuce ta gabansa, Rabi a bayanta, ta sunkuya ta ɗora dami a ka. Ban taɓa jin ta mayar masa da magana a gaban mutane ba sai ranar.

"Malam, akuya ba ta cin fushi. Ni zan ɗauka."

Sauran matan suka bi ta. Muka koma cikin rana, jakuna huɗu babu kaya a kan uku.

Dami ɗaya ba ya riƙe awaki uku. Ranar Laraba da safe Baba ya wasa wuƙa, ya jawo biyu daga ciki, ya bar wadda ta fi nono. Inna ta ce a kai su kasuwa mana, ko hatsi a samu. Ya ce, "Ni na kira mutanen nan, da bakina. Ba zan sallame su da haƙuri kawai ba." Wadda aka bari ta ja har tsakiyar zafi kafin nononta ya ƙafe. Rabi ta rayu a kan ruwan kunu, amma sai da ta shekara biyu da rabi kafin ta taka, kuma har yau ita ce mafi ƙanƙanta a gidanmu. Wannan daga baya ne.

A ranar dai, ya feɗe su a tsakar gida, ya shimfiɗa ganyen dabino, ya kasa naman. Awakin sun rame, kowane kashi bai fi cikin tafi biyu ba. Bai ajiye mana kome ba sai kai da ƙafa. Na ƙirga kason na ga goma sha tara.

"Baba, akwai ƙari ɗaya."

"Babu ƙari. Na Salihu ne. Da shi aka kira gayyar. Kai masa."

Na ce ba zan je ba. Ya ɗago ya dube ni, na ɗauka.

Gidan Baffa yana ƙarshen unguwa, wajen gindin dutse. Tun daga kwararo na ji ƙamshin nobe da busasshiyar ciyawa. An tara dammuna a bayan katangarsa har sun fi ta tsayi, an rufa musu tsofaffin buhuna. Na yi sallama sau uku kafin ya fito, yana gyara mayafi. Da ya gan ni ya ɗan ja da baya, ya leƙa bayana ko akwai wani.

"Ɗan makaranta. Lafiya? Ina baban naka?"

"Yana gida. Ya yanka awakinmu ya raba wa 'yan gayya. Ya ce wannan naka ne."

Na miƙa masa. Duk hanya ina shirya abin da zan yi idan ya fashe da kuka, ko ya ce in mayar, ko ya ce in jira ya ɗauko jaki mu loda ciyawa. Na ma yanke cewa idan ya nemi gafara ba zan amsa ba.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe ganyen, ya juya naman da ɗan yatsa, ya duba ƙarƙashi.

"Ba a sa hanta ba?" in ji shi.